Waƙar Zuhra a Bakin Jamila

Zuhra na shiga gidan bikin a Tsauni ta tsaya cak. Muryarta ce ke fita daga sifika, ga Jamila riƙe da makirfo tana motsa baki, mata na ta rangaɗa mata guɗa.

Kai, wannan rashin kunya da yawa take! Waƙar da Zuhra ta yi wata uku tana tsarawa, ta je har Damagaram aka naɗi muryarta, ta ajiye a wayarta, ba ta ba kowa ba.

Ba ta yi hayaniya ba. Ta sa aka kashe sautin, ta ce Jamila ta ci gaba da bakinta. Jamila ta yi tsuru-tsuru. Zuhra ta ɗaga kai ta rera har da baitin da ba ya cikin na waya, gida ya kaure da guɗa.

Mutum ɗaya ne ya riƙe wayarta: Hashimu, saurayinta, mai shagon caji da turin waƙoƙi a Matamaye. Al'adar masu turi ce, duk wayar da aka kawo caji sai sun kwashe waƙoƙin ciki.

Da ta tsare shi, cewa ya yi ai bai rage ta da komai ba, waƙarta na nan cikin wayarta.

“Tana nan, Hashimu… amma sunana fa?”

“Haba sanyin idona, daɗi ta yi mini na tura.”

“Da ka roƙa, da kai zan fara ba.”

Alhaji Manu, mahaifinta, ya ce ba zai ba ɓarawo 'yarsa ba, a mayar da kayan sa rana. Zuhra ta sha kuka, don tana son Hashimu sosai, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga kiransa ba.

Ranar kasuwa Hashimu ya ɗora sifika kan teburinsa. Maimakon kiɗa, sai mutane suka ji shi da bakinsa yana cewa waƙar nan ta Zuhra Manu ce, sata ya yi, ba ta ba shi ba. Ya yi ta maimaitawa har la'asar, abokansa na dariya, bai fasa ba.

Da yamma Alhaji ya kira ta ya tambayi ra'ayinta.

“Baba, wanda ya kira kansa ɓarawo tsakiyar kasuwa saboda ni…” Ta sunkuyar da kai tana murmushi. “A bar kayan.”