Fushin da Rana Ta Faɗi a Kansa

Mijin ƙanwata mai walda ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau jinina bai haɗu da nasa ba. A bencin gaba yake zama a coci, Littafi Mai Tsarki a hammata. Ayar da ya fi ja wa mutane ita ce wadda ta hana mu bari rana ta faɗi muna riƙe da fushi. Shi kuwa shekara tara yana kwana da nasa.

Da wansa yake fushi. Da mahaifinsu ya rasu, wan ya riƙe shagon waldar uban gaba ɗaya, da inji da janareta, ya bar ƙanen da rumfar kwano a bakin titi yana liƙe ƙafar kujera. An cuce shi, wannan gaskiya ne. Fasto ya zaunar da su sau uku, ya ce ya bar wa Ubangiji ramuwa. Ya ce to. Amma burinsa ɗaya ne, ya yi arzikin da wan zai zo ya durƙusa masa.

Neman arzikin nan ne ya kai shi wurin boka. Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan komai ya lalace.

Da la'asar ya je. Ɗaki ne a bayan wani tsohon gareji, babu taga sai wata ƙaramar kafa a bangon yamma. Hasken da ke shigowa ta nan a kan wata baƙar tukunya yake sauka. Kwaɗuna masu tsatsa sun fi ɗari rataye a igiya, duk a kulle. Ko'ina ƙauri, kamar an ƙona gashi. Bokan tsoho ne tsaf-tsaf, har da tabarau.

"Baba, in jini kuke so, ba zan iya ba," in ji mai walda. "Ni mai bi ne."

Tsohon ya yi murmushi. "Wa ya ce maka jini? Ai ka shigo da abin biya a ƙirjinka. Da wa kake fushi?"

"Wana."

"To, ji sharaɗi. Duk wanda rana ta faɗi kana fushi da shi, namu ne."

"Shi ke nan? Ai mutum ɗaya nake fushi da shi a duniya."

"Yau," in ji tsohon.

"In na fasa daga baya fa?"

"Ka ga makulli a ɗakin nan?"

Ya ɗauko garwashi da yatsunsa, ya ce mai walda ya hura sau uku yana kiran sunan wansa. Ya jefa shi cikin tukunyar, ya rufe, ya miƙo sabon kwaɗo. Da hannunsa mijin ƙanwata ya danna shi.

A yammacin ranar wutar lantarki ta ja wan yana shirin rufe shago. A wurin binnewa babu wanda ya kai mai walda kuka.

Sai aiki ya ɓarke. Ƙofofin makarantu, tagogin manyan gidaje, har yana mayar da wasu. Kafin shekara biyu ya gina bene, ya sayi mota, ya sake wa coci rufi, aka naɗa shi dattijon ikkilisiya. Ya kuma ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Ƙarfe biyar na yi zai bi mutanen gida da na shago yana cewa, "Na yafe, na yafe, kowa ya yafe mini." Jama'a na ta yabo. Ƙanwata, baiwar Allah, har alfahari take yi. "Yaya, kin ga mai aikata Maganar Allah?" Ba ta san tsoro ne ke korar sa ba.

Laifinta ɗaya. Ta kai wa matar marigayin buhun shinkafa ba ta gaya masa ba. Ya ji labari da rana, ya zazzaga mata masifa, ya fice da mota. Biyar da rabi cunkoso ya riƙe shi a hanya. Ya kira ta a waya ya ce ya yafe, alhali zuciyarsa na tafarfasa. Abin da ke cikin tukunyar nan ba ya sauraron baki. A kicin aka same ta, ludayi a hannu.

Kwana bakwai da binne ta ya kira ni falonsa na sama ya zayyana mini komai. Bai san Auta, 'yarsu tilo, mai shekara goma sha bakwai, tana bayan labule ba. Sai ga ta ta fito.

"Kai ka kashe Mama! Mugu! Ni ba ni da uba!"

Na ga fuskarsa ta canza, jijiyar goshinsa ta tashi. Na waiga taga. Rana ta yi ja, tana dab da rufin maƙwabta.

Shi ma ya gani. Ya zube ƙasa. "Na yafe miki, Auta, na yafe!" Sai ya dafe ƙirji. "Yaya, ki taimake ni! Fushin ba ya fita!"

Auta ta dafa bango, ƙafafunta na lanƙwashewa. Na riƙe ta, na ji jikinta ya fara sanyi.

"Me ta yi maka?" na daka masa tsawa. "Ita ta je wurin boka? Ita ta danna kwaɗon? Wa ya kashe ƙanwata? Faɗi!"

Ya dubi tafin hannuwansa.

"Ni ne," ya ce. "Ni ne. Tsinanne, ni ne!"

Ya hau dukan kansa da bango. Auta ta ja dogon numfashi a ƙirjina. Fushin ya bar ta, ya koma kan mai shi, ga rana saura ƙiris.

Shekara ashirin ina koyar da mata a zumuntar cocinmu. Na san abin da ya kamata in faɗa, cewa jinƙan Yesu ya kai har kan irinsa, ya kira sunansa yanzu. Maganar tana kan harshena. Na tuna ludayin nan, na rufe bakina, na tsaya ina kallon taga har hasken ya ɗauke.

Sai ya fara dariya.

Bai mutu ba. Yana nan a mahaɗar titi cikin tsumma, ƙafa duk gyambo, yana cin abin da aka zubar. Shagon ya ƙone, benen ya tsage gida biyu, ko ɓarawo ba ya shiga. Auta tana wurina, lafiyarta lau.

Ku masu haɗama, ku ji da kyau. Wanda ya ce zai ba ka dukiya a kan abu kaɗan ya riga ya ƙirga mutanen gidanka. Ku kuma masu riƙon mutum a zuci kuna ja wa wasu aya, kada ku ce ai ku ba ku je wurin boka ba. Ni ma ban je ba. Jiya Auta ta zuba abinci a kwano ta ce, "Inna, ki raka ni mu kai wa Baba." Na ce mata ƙafata na ciwo.