Sanyin Ɗaki Mai Lamba Bakwai

Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela na ci, zafin bazara kamar a bakin murhu. Bayan la'asar aka kira Sufeto Lawwali zuwa wani masauki a hanyar Ƙonni. An tarar da gawar Alhaji Abdulmalik, falken albasa, a ɗaki mai lamba bakwai.

Kafin ya iso, kuratan 'yan sanda sun riga sun tsare Tasalla, dattijuwar da ke sayar da abinci a ƙofar masaukin. Ita ta kai wa mamacin tuwo da azahar. Jama'a sun taru suna cewa guba ce. Tana zaune a ƙasa, ko kuka ta kasa.

Sufeto ya shiga ɗakin. Alhaji na kwance lafiya lau kamar mai barci, sai dai leɓunansa sun yi ja. An cusa tsummoki a duk kafar taga da ƙasan ƙofa. A gindin bango ga tsaka biyu matattu. Ya daɗe yana kallonsu. Tsaka dai ba ta ci tuwon Tasalla ba.

Ya sa aka kira manaja, Faruk, matashi mai yawan share gumi.

"Esin sanyaya wanga ɗaki shina aiki?"

"Ina fa, ranka shi daɗe. Kwana ukku ba mu ga wuta ba, babban inji kuma ya mutu. Baƙi duk ƙorafi sukai."

"To mi ya sa anka toshe tagogi cikin wanga zafi?"

"Halin Alhaji ne. Ni dai abincin nan nika zargi."

Sufeto ya fita waje. Ya zagaya bayan ginin yana duba bututun da ke zubar da ruwan esi. Na kowane ɗaki a bushe yake ƙamas. Ƙarƙashin na bakwai kuwa ƙasa a jiƙe take.

Jikin ɗakin akwai wani ɗan sito, an garƙame shi da kwaɗo. Faruk ya ce makulli ya ɓace. Sufeto ya sa aka fasa.

Warin fetur ya tarbe su. Bango ya yi baƙi da hayaƙi, ga sawun ƙafafun ƙaramin janareta a kan siminti. Sama kaɗan akwai rami da aka huda don zura waya, yatsu uku za su shige, kuma kai tsaye ya faɗa ɗakin Alhaji, daidai kan gado.

"Ina injin?"

Faruk ya jingina da bango.

"Shina cikin but ɗin motata," ya ce da ƙyar. "Alhaji shekara goma nan shika sauka. Ya ce in babu sanyi yau, ya bar mu har abada. Niɗ ɗauko ƙaramin inji. In na aje shi tsakar gida, kowane baƙo sai ya ce a ba shi, kuma ɗaki guda shika iya ja. Shi ya sa na ɓoye shi ciki na kulle. Ni na toshe tagogin, don kada sanyi shi fita. Wallahi daɗi nika son shi ji."

"Na yarda," in ji Sufeto. "Wancan kuskure ne. Amma da ka buɗe ƙofa ka gane hayaƙin inji ne ya kashe shi, sai ka nuna tsohuwa da yatsa. Wanga kam da saninka ka yi."

Aka sa wa Faruk ankwa, aka wuce da shi mota ta tsakiyar mutane, kansa a sunkuye.

An saki Tasalla, amma ba wanda ya matso kusa da tukwanenta. Shekara ashirin tana ciyar da fatake a wannan ƙofa, yau ido kawai ake bin ta da shi. Abin ya sosa ran Sufeto ƙwarai.

Ya ja benci ya zauna a gaban kowa, ya wanke hannu.

"Inna, zuba min tuwo. Daga tukunyar da kika zuba wa Alhaji."

Ta zuba, ta miƙa masa kwanon. Sai da ya kai loma ta uku sannan ta fashe da kuka.