Kore Ya Ce, Ja Ta Rubuta

Ranar da ta fara aiki a kamfanin gine-ginen, aka miƙa mata littafi da biro, aka ce ta zauna a ƙarshen dogon tebur ta rubuta duk abin da aka faɗa a taron Litinin.

Manajojin ayyuka bakwai ne a ɗakin. Darakta yana kiran aiki ɗaya bayan ɗaya, mai aikin ya amsa da launi. Wani ya ce rawaya, wani ya ce kore. Akwai wani dogon saurayi da wuyan riga ya yi wa yawa. Sau uku aka kira shi, domin ayyuka uku ke hannunsa, sau uku ya ce, "Kore."

Da aka watse, shi kaɗai ya rage yana tattara takardu. Ta daɗe tana jujjuya biro kafin ta iya buɗe baki.

"Don Allah ban gane ba. Fenti ake zaɓa?"

Ya ɗago ya dube ta, ya yi wata 'yar dariya mai kama da tari.

"Kore, komai lafiya. Rawaya, an ɗan yi tuntuɓe. Ja kuwa, aiki ya fi ƙarfin mai shi, a kawo ɗauki."

"Ban ji wanda ya ce ja ba."

"Ba kuwa za ki ji ba. Wanda ya faɗa na ƙarshe an sallame shi, yanzu a kan teburinsa ake ajiye firinta."

Malam Kore ake kiransa a ofishin, don shekara shida bai taɓa faɗin wani launi ba. Ita kuma tun daga ranar ya raɗa mata Alƙalami.

So ya shigo musu a hankali, ta cikin saƙonni.

"Alƙalamina, na karanta bayanan taro. Ke kaɗai ke iya mayar da surutun Darakta magana. Kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa?"

"Yana cikin jadawali."

Da farko dariya take yi. Daga baya ta daina. Ta lura da kofunan shayi da ke hucewa a teburinsa ba a kurɓa ba. Ta ga yadda yake karanta layi ɗaya sau huɗu. Ashe tun kafin zuwanta abokan aikinsa biyu suka ajiye aiki, aka ɗora masa nasu a kan nasa, ya ce ba komai.

Wata rana da yamma suna saukowa daga bene, ya ce, "Da can in na ga gini ya kai rufi, har tsigar jikina tashi take. Yanzu ko rushewa ya yi a gabana, ban jin zan ji komai."

"Ni fa? Kana jin wani abu in ka gan ni?"

Ya tsaya a kan matakala. "Ke ce abu ɗaya da ya rage. Shi ya sa nake tsoro."

Ranar Asabar ya zo gaida mahaifinta. Abba ya karɓe shi a falo, suka gaisa, sannan ya tashi ɗauko tabarau a ɗaki. Kafin ya dawo, baƙo ya yi barci a zaune, waya tana haske a cinyarsa. Abba bai tashe shi ba. Ya zauna yana kallonsa har kusan rabin awa.

Bayan tafiyarsa Abba ya kira ta, Umma tana gefe tana ninke kaya.

"Ba rashin kunya na gani ba, 'yata. Kaina na gani. Tambayi uwarki yadda nake lokacin da nake masana'anta."

Umma ba ta ɗago ba. "Shekara goma sha biyar ina zuba abinci ina kwashewa. Ranar da aka haife ki, sai da aka aika masa sau uku."

"To kin ji. Ba zan ba da ke ga mutumin da ya riga ya bayar da kansa ba."

Cikin makon sai ɗan wani aminin Abba ya fara zuwa gidan neman aurenta. Malamin lissafi ne, mai fara'a, ƙarfe biyu yake tashi daga aiki. Ba shi da aibu ko ɗaya, kuma wannan ya fi komai damunta. Wata safiya ya rage mata hanya zuwa ofis, Kore ya hango su ta taga. Da rana saƙonsa ya shigo.

"Na gan shi. Idan ya fi ni lokaci, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Ta shiga banɗaki ta yi kuka. Da faɗa ya yi mata, da ta ji sanyi. Ko ƙarfin kishi ba shi da shi.

Litinin da safe ta iske motarsa a wurin ajiye motoci, shi yana ciki, hannu biyu a kan sitiyari. Ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun bakwai. Ina ta ce wa ƙafata ta sauka, ta ƙi."

"Mu je asibiti."

"Akwai taro."

Ya lallaɓa ya fito, ya wanke fuska, ya shiga taron. Aka kira ginin makaranta, ya ce kore. Aka kira ɗakin ajiyar magani, kore. Aka kira gada, kore.

Ta dube shi, ta tuna yadda ta same shi a mota. Ta dubi takardarta. Ita da tun tana ƙarama ba ta taɓa tsallake layin littafi ba, sai ta rubuta ja, ja, ja. Ta buga, ta aika wa kowa kafin zuciyarta ta karaya.

A bakin matakala ya tare ta, idanunsa jajir.

"Kin san abin da kika yi? Shekara shida ina gina sunan nan!"

"Abin da na ji na rubuta."

"Kore na ce!"

"Bakinka ne ya ce," in ji ta. "Ni ba zan iya rubuta ƙarya a kanka ba, ko kai ka faɗe ta."

Ya juya ya tafi. Kwana shida ba kira, ba saƙo. Shugabar ofis ta ja ta gefe ta gaya mata cewa in aka tabbatar canza magana ta yi, to ta fara tattara kayanta. A kwanakin nan ne ta ba malamin lissafi haƙuri, duk da ba ta san ko tana da wani ba.

Litinin ta zagayo. Kamar kullum, da gyaran bayanan taron baya ake farawa. Darakta ya ɗaga takardar.

"An rubuta ja sau uku a nan. Ni kore kunnena ya ji. Kuskuren mai rubutu ne, ko ba haka ba, Malam Kore?"

Kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke shi, ta kuma fitar da ita daga kamfanin. Ta sunkuyar da kai, ta riƙe biro da hannu biyu.

"Babu gyara, ranka ya daɗe," in ji Kore.

"Me ka ce?"

"Daidai ta rubuta. Makaranta tana baya da mako bakwai. Gada ban leƙa ta ba tun watan jiya. Ni kuma na ƙare. Ina neman ɗauki."

Can sai wata dattijuwar manaja, wadda kowa ke kira Anti, ta cire tabarau ta ajiye.

"Tunda yau ranar gyara ce, nawa ma ba rawaya ba ne."

Gaskiya ba ta zo kyauta ba. An karɓe ayyuka biyu daga hannunsa, ƙarin girman da yake jira aka ba wani. Ita aka ba ta takardar gargaɗi. Likita ya rubuta masa hutun wata biyu, makon farko ko labule bai iya ɗagawa ba. A na uku ya aiko mata saƙo.

"Alƙalamina, yau na ji yunwa da kaina. Ki yafe mini. Kin tsaya mini a ranar da ni na kasa tsaya wa kaina."

Sai da ta goge amsa huɗu kafin ta aika: "Ka ci abincin tukuna."

Da ya ji ƙarfi ya koma wurin Abba, ya faɗa masa komai bai rage ba.

"An rage maka girma a ofis?" in ji Abba.

"An rage."

"Ka ji zafi?"

"Sosai, Abba."

"Madalla. Mai jin zafi da sauransa." Abba ya dubi ƙofar da Umma ke tsaye. "Ni sai da na faɗi a bakin injin kafin na iya cewa na gaji, kuma lokacin yaran sun girma ba su san ni ba. Ka riga ni da shekara ashirin. Ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu aka ɗaura auren, wata safiya mai sanyi, cikin 'yan uwa da abokan aiki. Da za a tafi da amarya, ta durƙusa a gaban iyayenta tana kuka, angon yana gefenta. Abba ya dafa kawunansu su biyu, ya ce:

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku, Ya ba ku abin da zai ishe ku ba wanda zai cinye ku ba. Ku gaji tare, ku huta tare."

Duk gidan ya amsa da amin.