Hannun da Ba Nasa Ba

Ranar da Enid ta fara ganin Lionel, shirin kashe matarsa yake yi.

A wani gidan shirya fim ne a bayan Landan, shekarar 1951. Aikinta ta zauna gefen kyamara da littafi tana rubuta komai, hannun da ya ɗauki kofi, maɓallin da aka ɓalle, don kada hoton yau ya saɓa da na gobe. Shi kuma ya fito a matsayin wani likita mai sanyin murya da ke shaƙe matansa da gyale.

Da aka tashi shan shayi, ya zo wucewa ya juye mata rabin kofi a takalmi.

"Yi haƙuri! Hannun nan nawa ba ya jin magana."

Ta dubi hannun. Akwai tabon ƙuna a babban yatsa. Ta rubuta shi a littafi tana dariya.

Kafin wata biyu ta zama Tsuntsuwa a bakinsa, shi kuma Dogo a nata. Yakan saƙala mata 'yar takarda: "Tsuntsuwa, yau sau uku ina manta maganata. Laifinki ne. Ki daina kallona. A'a, kada ki daina."

Amma da ranar ɗaukar hoton kisan ta matso, Dogo ya canja. Dariya ta ɗauke. Ko a tashar bas da muryar likitan yake magana. Wata rana iska ta fizge gyalenta, ya cafe, ya shiga naɗe shi a hannu a hankali, idonsa a kan wuyanta.  Ta bar masa gyalen ta ruga.

Ranar kisan ta ce ba ta da lafiya, wata ta riƙe mata littafin.

Da fim ya fito, wata tsohuwa ta tofa wa Lionel yawu a kan titi. Mahaifin Enid, Mista Tunstall mahauci, ya je ya gani, ya dawo ya kasa cin abinci.

"Shekara talatin ina riƙe da wuƙa. Na san hannun da ya saba da kisa."

"Baba, wasa ne fa."

"Ke kin gani?"

Ta girgiza kai.

"To ni na gani. Ba zan kai ki coci bana in kai ki maƙabarta baɗi ba. Ga Clifford kafintan wurinku, kullum yana zarya a nan. Wannan shi ne hannu mai albarka."

Ba faɗan Baba ne ya hana ta ci da sha ba. Ita ma abin da zuciyarta ke raya mata ke nan.

Sai ga takarda: "Tsuntsuwa, na ga tsoro a idonki ranar gyale. Ban iya tuɓe likitan nan daga jikina idan an tashi aiki ba. Ba zan tako gidanku ba sai kin kira ni. Dogonki."

Ranar Asabar da rana ta ce, "Baba, kai ni in gani."

Suka zauna a duhun silima. Likitan ya rufe ƙofa, ya yi murmushi, ya tambayi matarsa ko tana jin sanyi. Enid ta ƙanƙame hannun babanta. Sai hannaye biyu suka cika allon, suna jan gyale.

Ta so ta rufe ido, amma idon ya saba da aiki. Da kansa ya tafi kan babban yatsa. Babu tabo. Ƙaramin yatsan kuwa guntu ne, irin wanda zarto ya taɓa ci.

"Baba! Dubi ƙaramin yatsan!"

"Malama, a yi mana shiru!" in ji wani daga baya.

Sau biyu suka kalli fim ɗin ranar.

Lahadi aka kira samarin biyu cin abinci. Clifford ya sunkuyar da kai.

"Hannun nawa ne, yallaɓai. Lionel da ya ɗora hannu a wuyan matar sai ya fita ya yi amai. Sau shida. Darakta ya gaji, ya ce a nemo wani a ɗauki hannun kawai."

"Dogo, me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya, Tsuntsuwa. Wane ɗan wasa ne ke kasa wasa?"

"Ranar gyale fa?"

"Maganata nake bita a zuci. Ban ma san abin da ke hannuna ba. Daga yau a bakin ƙofar aiki zan riƙa barin mutanen da nake fitowa a matsayinsu."

Mista Tunstall ya dubi hannun Clifford da ya yi ta yabo, ya ɗan janye kujerarsa. Sannan ya miƙa wa Lionel wuƙa ya yanka musu gasasshen nama. Naman ya sulɓe ya faɗa cinyar Clifford.

"Kawo nan kafin ka yanke kanka! Wannan ko kaza sai ta kore shi."

A watan Mayu aka ɗaura aure. Zoben ma sai da ya kuɓuce wa ango, Clifford ya tsinto shi a ƙarƙashin benci. Mahaucin ya share ido da bayan hannu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare ku. Kai kuma, nan gaba ka nemi fim ɗin ban dariya."

A ƙofar coci iska ta taso. Lionel ya zaro gyalen nan daga aljihu, ya tsaya yana dubanta.

Enid ta matso ta ɗaga haɓa.

"Ɗaura min, Dogo. Sanyi nake ji."