Ragar Ƙwallon Hashimu

A Gidan Rumji, da damina ta sauka sai kududdufin bayan kasuwa ya cika. Sauro kuwa, kai ka ce gayyato su aka yi biki.

Hashimu ɗan lakol ne, wato makarantar boko, Allah ya jarrabce shi da son ƙwallo. Filinsu ba raga, takalma suke ajiyewa. Kullum gardama: "Ta shiga!" "Wallahi ba ta shiga ba!"

Ran nan Inna ta wanke sangen ƙanwarsa Najiba, wato gidan sauron da take kwana ciki, ta shanya a inuwa. Hashimu ya ƙura masa ido. Kai, wannan ai raga ce! Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya cusa shi cikin riga, ya fice.

A fili shi da abokansa suka kafa sanduna, suka ɗaura shi. Yara suka yi ta tsalle. Ranar Hashimu ji yake ba kamarsa.

Da yamma Inna ta ce, "Hashimu, ba ka ga sangen Najiba ba?"

"Ban gani ba, Inna. Ko iska ce ta ɗauke?"

"Iskar mi? Yau ko ganye bai motsa ba." Ta yi tsaki. "To, ta kwanta haka, in lulluɓe ta da zane."

Zane kuwa ina ruwan sauro da shi? Kwanaki suka wuce. Wata safiya Najiba ta tashi jikinta zafi rau. Ta ƙi kunu. Da aka ba ta ruwa, sai amai. Yarinyar da ta addabi gida da surutu ta yi shiru, ido a lumshe.

Baba ya tsayar da ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, Inna ta goya ta, sai gidan likita. Hashimu ya bi su da gudu.

Likita ta soki ɗan yatsan Najiba, ta gwada jini. Ta ce, "Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya kama ta sosai. Ba ta kwana cikin sange?"

Inna ta ce, "Yana nan da, sace shi aka yi."

Hashimu ya dubi ƙanwarsa kwance, an ɗaura mata ƙarin ruwa. Tsoro ya kama shi. Sai kuka.

"Inna, ni na ɗauka. Yana fili, raga muka yi. Mutuwa za ta yi?"

Inna ta riƙe haɓa. "Raga? Hashimu! Lafiyar 'yar'uwarka ka ba ƙwallo?"

Likita ta dafa kansa. "Kun kawo ta da wuri, in sha Allahu za ta tashi. Amma sauro bai san wasa ba, ka ji?"

Hashimu ya ruga fili, ya kwance sangen. Abokai suka hau shi da faɗa, ko waiwaye bai yi ba. Ƙwallo ta hudda shi ko'ina. Ya wanke, ya karɓo zare da allura wajen maƙwabta, ya zauna ɗinki, yana soke yatsa yana sharar hawaye.

Bayan kwanaki, yana zaune bakin gadonta a gidan likita, Najiba ta buɗe ido tar.

"Yaya, ƙosai nake so."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi! Bakin ya dawo." Hashimu ya yi ajiyar zuciya, yana dariya da hawaye a fuska.

Da suka koma gida Baba ya ce, "Mi ka koya?"

"Sange na kare mutum ne, ba na wasa ba. Kuma in na yi laifi, in faɗi gaskiya tun da wuri."

Yanzu kowace magariba Hashimu ke sauke wa Najiba sange, ya cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. A fili kuwa an koma ga takalma, ana ta gardama. Hashimu ya ce su yi ta yi, ya fi masa.