Wa Ya Yi Waldar Nan?

"Wa ya yi wannan waldar?"

Farfesar ce ta tambaya, tsohuwa mai furfura, wadda ta jagoranci baƙin daga jami'ar ƙasar waje. Ta sunkuya tana shafa mahaɗin bututun injinmu da yatsa.

Ɗakin baje kolin ya yi tsit.

Shi kuwa Oga yana tsaye taku uku a bayana, riƙe da tiyon ruwa, rigar aikinsa duk baƙin mai.

"Ni ce," na ce.

Ban waiwaya ba. Ƙarar ajiye tiyo kawai na ji, sai takun tafiyarsa. A hankali ya fita, ko ƙofa bai buga ba. Da ma ya buga...

Oga shi ne mai walda a ɗakin aikin sashenmu na injiniya. Takardar sakandare kaɗai gare shi. Duk ɗalibai Oga suke ce masa, ni kaɗai nake cewa Ogana, shi kuma ya ce min Injiniya, yana dariya ƙasa-ƙasa. Shekara biyu muna soyayya.

Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana shi ne aikina na ƙarshe. Zane nawa ne, lissafi nawa ne. Amma wata huɗu mahaɗin yana yoyo, har na zauna a ƙasa na yi kuka. Oga ne ya yanke shi, ya sauya kwanar da bututun ya lanƙwasa, ya yi waldar da ko ɗigo ba ta bari.

Jami'ar baƙin ta ƙulla haɗin gwiwa da tamu. Ɗalibi ɗaya za su ɗauka, karatun shekara guda a can. Shugaban ajinmu, wanda muke kira Ɗan Kwat, shi ya raba mana takardun cikewa. Tun aji biyu yake bina, ina kaucewa.

Da safen ranar baje kolin ya tare ni a matakala.

"Shawara zan ba ki, don ina ƙaunarki. Mutanen nan aikin ɗalibi zalla suke so. Kika ambaci lebura, sunanki ya fita."

"Ba lebura ba ne."

"To, farfesa ne. Ki faɗa musu mana!"

Maganar ce ta zauna min a ƙirji har tsohuwar ta yi tambayarta.

Da aka tashi, na ruga ɗakin aiki. Yana goge wani ƙarfe, bai ɗago ba.

"Ogana..."

"Ranki ya daɗe, akwai aiki ne?"

"Don Allah kada ka min haka."

"An rufe karɓar aiki. Sai gobe."

"Tsoro na ji! Ce min aka yi za su cire ni!"

Ya ajiye ƙarfen. Idanunsa sun kaɗa.

"Da kin tambaye ni, da na ce ki ce ke ce. Wallahi da na ba ki. Amma ina tsaye a bayanki... ko kallona ba ki yi ba."

Ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ya kunna wuta. Dole na kau da kai na fita.

A gida murna ake, don labarin cewa injina ya burge baƙin ya riga ni isa. Baba tsohon injiniya ne, shekara talatin a ma'aikatar ruwa. Tun da ya ji labarin Oga ya ce kada in sake kawo masa zancen.

"Kin gani ko?" ya ce yana gyara tabarau. "Kowa da sa'ansa. Ki je ki dawo, za ki manta da mai ƙona ƙarfen nan."

Umma ta dube ni. "Ke kuwa lafiya? Kamar wadda aka yi wa rasuwa."

"Kaina ne ke ciwo, Umma."

Ƙarya ta biyu ke nan a yini ɗaya.

Washegari aka kira ni ofishin shugaban sashe. Farfesar na zaune, Ɗan Kwat na gefe yana tattara takardu. Ta miƙo min hannu tana murmushi, ta ce ni suka zaɓa.

Sannan ta juya ga shugaban sashe.

"Abu ɗaya ya ba mu mamaki. A wurinmu, kowane aiki ana rubuta sunan ma'aikacin da ya sa hannu. Mun ware gurbin horo na wata uku a jami'armu ga ma'aikacin ɗakin aiki, ba ma neman digiri. Shafi na ƙarshe kenan a takardar. Ba wanda ya cike."

Takardata ba ta da wannan shafin.

Na kalli Ɗan Kwat. Ya duƙufa yana jera takardun da ya riga ya jera.

Ashe ba sunan Oga kaɗai na ɗauke ba. Har hanyarsa na tare, da bakina.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Farfesa... ba ni na yi waldar ba."

Shugaban sashe ya zaro ido. "Ke! Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani, Malam. Ko kunna injin walda ban iya ba. Mai waldarmu ne ya yi, shi ya gyara kwanar ma. Jiya yana tsaye a bayana na yi ƙarya."

Murmushin tsohuwar ya ɗauke. Ta daɗe tana kallona.

"Injiniyan da ya ce ya yi abin da bai yi ba, wata rana gada za ta faɗi da mutane," ta ce. "Ba za mu iya ɗaukarki ba. Ina mutumin?"

Ɗan Kwat ya fara rantsuwa wai injin buga takardu ne ya tsallake shafin. Ba wanda ya saurare shi.

A gabansu Oga ya haɗa bututu biyu. Aka cika ruwa, aka matsa, ko ɗigo babu. Kafin azahar sunansa ya shiga takarda. Gurbina kuwa aka bai wa wata ɗaliba.

Da na faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi.

"A gaban baƙi kika yi ƙarya, a gaban baƙi kika tona kanki," ya ce. Ya cire tabarau ya murza ido. "Ban haifi maƙaryaciya ba, ashe dai ban haifi matsoraciya ba. Kwanar bututun nan... shi ya gano ta da kansa?"

"Shi ne, Baba."

"Ki ce ya zo. Aikin zan gani, ban ce komai ba tukuna."

Kwana biyu na kasa zuwa. Ranar ta uku na tsaya a bakin ƙofar ɗakin aiki, kaina a ƙasa.

"Za ki shigo, ko gadi aka ɗauke ki?"

"Kunya nake ji, Ogana."

"Ya kamata."

Hawaye suka zubo min. Ya ja kujerar ƙarfe, ya goge ta da hannun rigarsa, ya tura min.

"Wa ya ce ki zubar da gurbinki? Shekara huɗu kina wahala."

"Naka na fara zubarwa."

Na zauna a kujerar.

"Baba ya ce ka zo."

"Da wannan rigar?"

"Da ita."

Sai a lokacin ya kalle ni sosai.

"Wata uku ne, Injiniya. Za ki jira?"

"Ko shekara talatin ne, masoyina, zan..."

"A'a, tsaya." Ya ɗaga hannu, dariyar nan tasa ta dawo ƙasa-ƙasa. "Kada ki fara. Faɗi abin da za ki iya."

Na share fuskata.

"Wata uku. Zan jira."