Wanda Ya Amsa Shi Zai Je

Kakarka ta taɓa gaya maka cewa in ka ji an kira sunanka da magariba, ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa? To in na'ura ce ta yi kiran fa?

Wata uku ke nan da Balkisa ta gama jami'a ta samu aiki a wani kamfani da ke ajiye bayanan asibitoci da ofisoshi a Yamai. Aikinta zama ne a ɗakin sa ido, bene na biyu, gaban allo shida. Manyan na'urorin ajiya suna warwatse a cikin gari, amma kowace tana da bakin magana. In faifai ya lalace, ko zafi ya yi yawa, ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, sai ta aiko gargaɗi. Layi ya yi ja a allo, ƙararrawa ta kama kuka. Mai tsaron ranar sai ya latsa maɓallin da suke kira akite, wato ya amsa. Ƙararrawa ta yi shiru, sunansa ya hau kan layin. Dokar gidan guda ce: wanda ya amsa, shi zai je ya duba.

Gargaɗi ɗaya ne ba a amsawa. Tun da damina ta kama, kullum ana kiran sallar magariba sai ya faɗo daga na'ura mai lamba bakwai. Kalma ɗaya ce a ciki: danshi. Shef Halidu, tsohon ma'aikacin da ke koya mata aiki, sai ya rage sautin da hannu, ya bar layin ja har ya ɓace da kansa bayan isha'i.

"Shef, wanga jan layi ba ya damun ka?" in ji Balkisa wata ranar Talata. "Yana ɓata mana lissafin mako."

"Bar shi ya ɓata, ɗiyata."

"Ina lamba bakwai take ma? Ban gan ta a taswira ba."

Halidu ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Tana haye, bakin kogi, bayan unguwarku Lamorde. Ɗakin ƙasa ne. Shekarar babbar ambaliya ta aiko wanga gargaɗi da magariba. Nassirou ke tsaro, abokina, tare aka ɗauke mu aiki. Ya amsa, ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi. Moton muka samu."

"Allah ya jiƙan shi. To na'urar fa?"

"Tana ƙarƙashin laka. Ba kuran, ba waya. Mun goge ta daga tsari sau uku." Ya mayar da tabarau. "Masunta sun ce wurin da masu shi tun kafin a yi ginin. Kada ki amsa, Balkisa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta ce to. Amma a ranta ta riga ta gama bincike: wata na'ura ce ta gaji tsohon adireshin, ba wani abu ba. Dama tana da wata dabara da take ɗokin nunawa. Ta rubuta ɗan porogaram da zai riƙa amsa ƙananan gargaɗi da kansa, ya duba jadawali, ya sa sunan mai tsaron ranar. Ba sauran kukan ƙararrawa a banza. Ta ji daɗinsa har ta tura wa ƴan ajinsu a gurup ɗinsu na waya, mutum arba'in da ɗaya, kowa na yi mata tafi.

Ranar Alhamis ita ke tsaro. Da la'asar ta kunna shi, ba ta gaya wa kowa ba.

Rana ta yi ja a kan rufin kwanon unguwa. Daga ƙasa ana jin hon ɗin taksi da ƙamshin naman da ake gasawa a bakin titi. Halidu ya naɗe hannun riga ya ɗauki buta.

"In ya zo, ki rage sauti kawai."

"To, Shef."

Takunsa ya sauka matakala. Ladan ya ɗaga murya.

Layin ya faɗo. Lamba bakwai. Danshi. Ƙararrawa ta yi kuka sau ɗaya, rabi ma, sai ta yanke. Ja ya koma kore. A gefe aka rubuta: An amsa. Balkisa.

Ta yi murmushi, ta ɗauki waya za ta ɗauki hoton allon.

Sai ta lura ba ta jin ladan.

Ba hon. Ba ƙugin kilim mai sanyaya ɗakin. Ɗakin ya yi tsit kamar an cusa mata auduga a kunne. Sanyin ma ya sake, ya zama mai nauyi, mai manne wa fata. Wani wari ya taso, warin laka da ruɓaɓɓen kainuwa, irin wanda ke shiga gidajen Lamorde in kogi ya janye.

Sabon layi ya fito ƙarƙashin na farko. Na'urorin nan ba sa rubuta zance, lamba suke aikowa. Wannan ya ce: Muna jira.

Ta kama linzamin kwamfuta za ta soke amsar. Hannunta ya zame. Teburin a jiƙe yake.

Ɗis.

Ɗis.

Ta duba ƙasa. Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi, a hankali, da ƴan ciyayi a kansa. A bene na biyu.

Aka ƙwanƙwasa. Sau biyu, cikin ladabi.

"Ƙanwata." Muryar namiji ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da ruwa a baki. "Ke ce kan tsaro?"

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ba sai kin yi magana ba. Kin riga kin amsa." Aka ja numfashi, ya yi ƙarar tulu na cika. "Taso. Na daɗe ni kaɗai. Sun ce sai mai canjina ya zo."

Ruwan ya rufe idon sawunta. Sanyinsa ya shiga ƙashi. A cikinsa wani abu ya zagaye ƙafarta, siriri, mai yatsu da yawa.

Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ta kai tsakiya, harshenta ya ɗaure.

Ƙafarta ta dama ta taka da kanta.

Sai ta hagu.

Hannunta ya miƙa wajen marikin ƙofa. Ba ita ta miƙa shi ba.

Ƙofar ta buɗe. Babu baranda, babu matakalar da ta sani. Wata matakala ce ta siminti mai gansakuka, tana gangarawa cikin ruwa. A can ƙasa, ƙarƙashin ruwan, ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa a jere. Mutum na tsaye a mataki na uku, katin aiki rataye a wuyansa. Fuskarsa ta kumbura, ta yi fari. A bayansa akwai wasu, dogaye, kawunansu sun sunkuya don kada su taɓa rufi.

Wani ya bangaje ta ya wuce.

Halidu ne, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Bai dubi matakalar ba. Ya faɗa kan kujera, ya kai hannu kan maɓallai.

"Mi kika yi, ɗiyata? Mi kika yi?"

"Soke shi, Shef," ta ce da ƙyar.

"Ba a soke amsa. Sai dai a mayar wa wani."

Ya latsa.

Sunan da ke allo ya sake. An amsa. Halidu.

Abin da ke riƙe da ƙafarta ya saki.

"Halidu," in ji muryar, a hankali, kamar mai jin daɗi. "Ka tsufa."

"Na tsufa, Nassirou." Ya miƙe, ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya dubi Balkisa. "Rufe ido ki bi bango. Kada ki waiwaya. Ki kashe abin nan naki."

Ta bi bango. Ta ji ƙarfen matakala a tafinta. Ta gangara tana faɗuwa tana tashi, har ta faɗo titi cikin hayaƙin nama da hon ɗin taksi. Masallata na shiga masallaci. Zanenta a jiƙe har gwiwa, ga laka.

Da mutane suka hau, ɗakin a bushe yake ƙamas. Kilim na aiki. Tabarau na kan tebur. Kwana biyu bayan haka masunta suka tsinci butar Halidu a cikin ciyawar bakin kogi, a haye. Ita kaɗai.

Balkisa ta kashe porogaram ɗin a daren, ta ajiye aiki, ta koma wajen gwaggonta a Talladje, nesa da ruwa. Ba ta ƙara haye gada ba. Har yau in an kira ta daga bayan ƙofa, sai ta leƙa ta ga fuska kafin ta buɗe baki.

Lamba bakwai ta yi shiru sauran daminar.

Bana ta dawo. Kuma ba kamfaninsu kaɗai take aika wa ba. Mutum uku daga ƴan ajinsu, a ma'aikatu daban-daban, sun ce sun ga wani layi daga adireshin da ba nasu ba, ana kiran magariba. Balkisa ta bi su arba'in da ɗaya tana roƙo su goge abin da ta tura. Talatin da biyar sun goge. Shida sun ce sun riga sun ba wasu.

Don haka in kana zama gaban irin wannan allo, ko ƙaninka, ko matarka, don Allah tashi ka duba yau. In akwai abin da ke amsa gargaɗi da sunanka ba da hannunka ba, kashe shi kafin ladan ya kira magariba.